Ranar da Kawu Isuhu Ya Ci Farar Ruwa a Khobar

Ku da kuka zauna da Kawu Isuhu a unguwar Ulaisha ta Riyad kun san ba a ba shi labari. Kafin ka kai ƙarshen magana ya ɗaga hannu: "Wannan ai na sani tun kana goye." Ko jiya aka ƙirƙiro abin, shi ya riga ya gani a Maraɗi, kuma na Maraɗin ya fi kyau.

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tuƙa iyalin wani Balarabe a nan Riyad. Da ciwon zuciya ya matsa masa, likita ya hana shi tuƙi, aka fara shirin komawarsa gida. Sai ya kira ni, ni ɗan ƙanwarsa.

"Sabi'u, ranar Asabar za ka kai ni Khobar, can bakin teku."

"Kawu, likita fa ya ce ka huta."

"Shi likitan ya huta. Yalla, ka shirya!"

Awa huɗu muna hanya yana gyara mini tuƙi. Ni dai ƙwayoyin maganinsa na aljihuna.

Gidan tarihi muka fara shiga. Ga turmi, ga tulu, ga fitilar kwano, duk cikin gilashi. Mai zagayawa da baƙi ya soma bayanin yadda mutanen da suke daka, Kawu ya tare shi da Larabcinsa na direbobi, ya ce ba haka ake riƙe taɓarya ba. Har da gwadawa! Da muka fito ya jawo hannuna.

"Duk waɗannan suna ɗakin Inna, kaji na hawa. Ashe gidan tarihi muka taso ba mu sani ba."

A kasuwa ya faɗa shagon turare. Mai shagon ya shafa masa wannan a hannu, wancan a wuya, wani a gemu, wani a hula. Da gwaji ya kai bakwai, bawan Allah ya tambaye shi wanne zai ɗauka.

"Bari in ga wanda zai kai la'asar," in ji Kawu, ya fice abinsa.

Kunya kamar in nutse! Duk inda muka gifta sai an waiwayo.

Gidan abinci kuwa a can aka yi ta. Aka ajiye mana jatan lande a kan shinkafa. Ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya duba ƙafafun.

"Sabi'u, wa za a ruɗa? Wannan ai fara ce ta koyi iyo."

Ya zaro ƙullin yajin Maraɗi daga aljihu ya barbaɗa. Ma'aikacin wurin, wani Ba'indiye, ya ce ai su ma suna da barkono. Kawu ya miƙa masa ɗan kaɗan. Mutumin ya lasa, idonsa ya kawo ruwa, ya ruga neman madara.

"Mafi mushkila," Kawu ya ɗaga masa murya, "ba komai, haka kowa ke farawa!"

Faranti biyu ya share.

Bayan la'asar muka gangara bakin teku. Ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga har ƙauri. Ya tsaya yana kallon ruwan har inda ido ya ƙare. Can ya ce, "To, ya ɗan fi tafkin Madarumfa faɗi."

Na fashe da dariya, shi bai yi ba.

"Ka san sau nawa na kawo iyalin maigidana garin nan? Ban san adadi ba. Su shiga kasuwa, su ci kifi, su yi wasa da ruwa, ni ina mota." Ya dube ni. "Je ka zauna a mota, ɗan nan. Yau ni za a jira."

Na je na zauna. Ta gilashi nake hangensa, tsoho shi kaɗai, ruwa na dukan ƙafarsa, yana ɗiba yana shafawa a fuska. Bai dawo ba sai da aka kira magariba, ni kuwa ban danna masa hon ba.

Wata huɗu da komawarsa Maraɗi aka bugo mana waya.

Allah Ya jiƙan Kawu Isuhu. Allah Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya hutar da shi hutun da bai samu a duniya ba. Amin.