Farin Garin da Gwaggo Ta Zubar

Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma a wurinta ramar yaro zagi ce ga mai girki. Ko kyanwa ce ta shigo gidanta, da tumbi take fita.

Da autanta ya rasu bayan doguwar jinya, abu ɗaya mai numfashi ya bar mata: ƙadangare mai gemu, irin wanda ake kiwo a akwatin gilashi da fitila a samansa. A da ko kallonsa ba ta son yi. "Mutane na kiwon kaji, kai kana kiwon abin jifa," haka take ce wa ɗan. Amma a makon rasuwar ta jawo akwatin gefen gadonta, ta raɗa masa suna Na-Auta.

A makon ne kuma ta share ɗakin marigayin. Duk wata kwalbar magani da ta gani ta tattara a leda ta zubar, don ta gaji da ganinsu.

Kiwon kuwa ba ta ɗauke shi da wasa ba. Gyare a shagon dabbobi take saye, ganye sai ta wanke sau uku, kabewa ta yanka masa ƙanana-ƙanana. Ni da nake ɗan ƙaninta ban taɓa samun irin wannan gatan ba, kuma na faɗa mata. Ta ce in na yi gemu irin nasa in dawo.

Bayan wata bakwai ƙafafunsa suka fara rawa. Gyare zai bi ta bakinsa, ya kai cafka ya kasa riƙewa. Na kai su wurin likitan dabbobi, ya taɓa haɓar, ta lotsa kamar danƙo.

"Mama, me kike ba shi?" in ji likitan.

Ta lissafa masa tsaf, har da ɗan alfahari.

"Abinci kam ba laifi. Farin garin fa, kina barbaɗa masa a kan gyaren?"

"Wane gari?"

"Na ƙarfin ƙashi, a 'yar farar kwalba yake zuwa. In babu shi ƙashinsu laushi yake yi. Gaskiya nasa ya yi nisa."

A fuskar Gwaggo na ga lokacin da ta tuna ledar nan, sai na ji zuciyata ta karye.

A hanya ta ce da ni, "Auta duk abin da likita ya ce a ba shi na ba shi, amma ya tafi. Wannan kuma da hannuna na zubar da nasa maganin."

Mun sayi sabon gari, tana damawa tana ɗiga masa a baki. Sati uku ya ƙara a duniya.

Ranar da muka fitar da akwatin, na ɗauki kwalbar sabon garin, ko rabi bai sha ba, zan jefa a shara. Ta riƙe mini hannu.

"Ajiye min, ɗana. Na daina zubar da komai."