Layin da na goge a gaban Baffa

Har yau idan na shiga zauren Baffa na ga jakunkunan nan a jibge, raina ɓaci yake yi. Laifi nawa ne, ban musa ba, na kuma roƙi Allah gafara. Amma ba ni kaɗai na yi shi ba, kuma wannan ne ba wanda ya yarda ya faɗa.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne shugaban ƙungiyar dukawan unguwarmu ta Birni, a Damagaram. A hannunsa na tashi. Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, a kolej na tsaya, aikin na'ura kuma a wani siber, shagon intanet, na koye shi da kallo da tambaya. Da ƙungiya ta buɗe shafi a intanet don baƙi su ga jaka da takalmi da kube, sai aka ɗora ni a kai.

Aikin ba shi da yawa. Kamfanin da ke ajiye mana shafin ya ba mu wani allo da ake shiga da kod, wato lambar sirri. A allon akwai layuka a ƙarƙashin sunanmu. Layi mai harafin A yana nuna na'urar da shafin ke zaune a ciki. Layi mai MX yana nuna inda saƙon mel zai sauka. In ka canza ɗaya, ba nan take duniya ke sani ba. Sai labarin ya zaga, wani lokaci yini guda, wani lokaci ya kwana.

A shekarar mun nemi rumfa a wani baje kolin sana'o'in hannu a Yamai. Dukawanmu sun yi watanni suna ɗinki dominsa. Masu shiryawa sun ce ta mel ɗin ƙungiya za su aiko da amsa, wanda bai tabbatar ba kuma a ba wani wurinsa. A daidai wannan lokacin Baffa ya ce a mayar da shafin sabon masauki, don tsohon nauyi gare shi, hotuna ba sa buɗewa. Na ce a bari amsa ta zo tukuna. Ya ce mutanen Yamai za su duba hotunan kafin su yanke, yau yake so.

Da hantsi na kwashe kayan shafin na kai sabon wuri, na canza layin A. Aiki ya ƙare, saura jira.

Bayan azahar sai ga Baffa da dattijai uku a shagona, taubashina ɗan goggo na biye da su riƙe da portabul ɗin Baffa, wayarsa ta hannu. Suka buɗe. Tsohon shafi ne ya fito.

Baffa ya ce, "Kai, ina sabon?"

Na ce, "Baffa, sai an ɗan jira. Bai gama zagawa ba."

"Me ke zagawa? Akuya ce?"

Taubashin ya ce, "Baffa, ƙyale malamin na'ura. Ya kira aljanun ne, suna sallah."

Dattijai suka yi dariya. Ya ƙara da cewa, "Kada a matsa masa, a kolej ya tsaya. Sauran karatun yana aljihun direktan makarantar."

Baffa bai yi dariya ba. Ya ja kujera ya zauna a kafaɗata. "Na kwaso manyan mutane a rana su zo su ga aiki. Taɓa shi kuma."

Wannan ce maganar da ke cina har yanzu. Mutumin nan ya san jira. Ina ƙarami ya aike ni wurin majema, na ciro fata daga ruwan bagaruwa kafin ta jimu, ya dake ni har na kasa zama. Shi bai taɓa zaune a bakin rami yana cewa a taɓa kuma ba. Amma da yake wannan aikina ne ba nasa ba, sai ya ɗauka jirana lalaci ne.

Ni kuma an rene ni a kan ba a maimaita wa babba "a'a" a gaban mutane. Sau ɗaya na faɗa, a hankali. Na biyun ya maƙale.

Sai na taɓa. Na mayar da layin yadda yake, na sake canza shi, alhali na san ba abin da hakan zai yi sai ƙara jira. Suka duba, tsohon ne. Taubashin ya fara tafi yana yi mini kirari. Na ce a raina, goge-goge kuke so ku gani? Na zaɓi layukan duka na goge su, na rubuta layin A shi kaɗai, na rufe na'urar da ƙarfi.

"To, an sake shi daga tushe," na ce.

Baffa ya ce, "Ka ga? Da ma haka za ka yi tun farko."

Washegari sabon shafi ya fito, kamar yadda da ma zai fito ko ban taɓa komai ba. Baffa ya riƙa nuna wa mutane yana cewa yaron sai an tsaya a kansa. Fushin wannan maganar ya hana ni komawa allon. Kullum ina buɗe mel in ga ba komai, in ce mutanen Yamai ne da jan ƙafa. Ban lura ko masu tallan banza sun daina aiko mana ba.

Wani baduku na Maradi, abokin Baffa, shi ya kira ya ce ya ji an ba wasu rumfar Damagaram. Wai an aiko mana saƙo ya koma, an sake aikowa ya koma. Na buɗe allon. Layi ɗaya ne tak a ƙarƙashin sunanmu, layin MX na mel yana cikin waɗanda na goge. Mayar da MX bai kai shan shayi ɗaya ba. Mun kira Yamai, mun roƙa, suka ce an riga an raba.

Na je zaure na durƙusa na faɗa wa Baffa komai, ban rage ba. Na shirya wa zagi, har da mari. Ya daɗe yana juya basillarsa, sannan ya ce, "To kai da ka sani, me ya sa ba ka hana ni ba?"

Amsar da ta zo bakina ba irin wadda ɗa ke ba uba ba ce. Na tashi na fita ban yi sallama ba, wannan ma yana cikin abin da nake istigfari a kai.

Jakunkunan ana sayar da su ɗaya-ɗaya, jan launin wasu ya fara dushewa. Ni ke riƙe da shafin har yanzu. Amma duk ran da zan shiga allon nan, sai na sa sakata. Ran nan Baffa ya zo ya buga, ya kira sunana. Na ce, "Baffa, sai an jira." Na ji ya tsaya. Can na ji ya ja benci ya zauna a waje.