Lambar da ke Bayan Fom

A sashen binciken ilimi na jami'ar, can ƙarshen baranda, akwai wani ɗan ofis mai taga ɗaya. Nan Anti Bayan-Aji take zama. Aikinta ne ya jawo mata sunan. Shekara goma sha tara ke nan tana bin makarantun firamare, ta lafe a bencin ƙarshe gwiwoyinta na neman taɓa haɓarta, tana rubuta sau nawa malami ya yi tambaya, yara nawa suka ɗaga hannu, wa aka kira, wa aka tsallake. In ta dawo ta tsara komai tsaf, farfesoshi su ɗauka su yi littafi. Ita kuwa, in an yi mata kara, a sa ta a shafin godiya, ƙasa da direba.

Aikin nata na shekara-shekara ne. In takardar sabuntawa ba ta zo ba, shi ke nan, sai ta kwashe kofinta da dardumarta. Shi ya sa ta tsani fom. Wancan karon da aka raba fom "don inganta aiki", masu buga takardu huɗu ne suka cika, kafin wata uku ɗakinsu ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Bango ɗaya ya raba ta da kujerun nan.

To, ran wata Litinin da hantsi sai ga wata Dakta, malama a sashen, ta yi sallama, rungume da takardu. Daktan nan, tun tana ɗaliba Anti ce ta koya mata yadda ake zama a aji har yara su manta da mutum.

"Anti, bincike muke yi a kan masu binciken kansu. Su wane ne, nawa ne, me ke damunsu. So ake a ƙarfafa ku."

"A ƙarfafa mu mu iya ɗaukar kayanmu?"

"Haba Anti! Ba a ma sa suna."

Anti ba ta ko kalli tambayoyin ba. Ta kifa fom ɗin, ta kai shi bakin taga, ta gyara tabarau. Ga ta nan kuwa a kusurwa, 'yar lamba da fensir, ƙarama kamar ƙwayar ido.

"Wannan fa? Tawadar Allah ce?"

"Don mu san guda nawa suka dawo ne kawai."

"'Yar nan, ni na koya miki wannan amsar. Ita nake ba hedimastoci."

Dakta ta sunkuyar da kai tana dariya, ta ajiye fom ɗin ta fita.

Kwana uku yana kan tebur ƙarƙashin kofi. A gida maigidanta ya ce ta cika ta huta. Ta ce, "Kai da ko takardar asibiti ni ke cika maka?"

Ran Alhamis ta ɗauko almakashi ta datse kusurwar. Ta buɗe shafin farko, sai ta tsaya. Tambaya ta ɗaya: muƙaminka. Akwati uku ne, na farfesa, na malami, na ɗalibi. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Babu nata.

Ta ɗauki fom ɗin har ofishin Dakta.

"Ashe kun riga kun sallame ni, fom ɗin na rakiya ne."

Dakta ta karanta, ta dafe kai. "Wallahi mu shida muka zauna a kan tambayoyin nan, ba wanda ya tuna." Ta ga kusurwar da aka yanke. "Anti, ko kin cire lamba, wa ya shekara sha tara a nan ban da ke? In kin cika, za a gane ki. In ba ki cika ba, rahoto zai fita babu irinku a ciki, masu yanke hukunci kuma abin da ke rubuce suke gani."

Anti ta daɗe tana dubanta, irin duban da take yi wa malamin da ya shirya darasi don ya ji baƙi na zuwa. Ba ta gama yarda ba. Amma ta san aikin, ta san yaron da ba a ƙirga ba ba a kawo masa benci.

Ta ari rula, ta zana akwati na huɗu, ta rubuta: mai zaman bayan aji, shekara sha tara. Ta cika sauran, ta ƙara da sunanta cikakke a ƙasa.

"In za a kore ni, a kore ni da sunana."

Ƙarshen zango masinja ya kawo ambulan. Sai da ta rufe ƙofa ta buɗe. An sabunta, kuma shekara uku.

Ta kifa takardar ta kai bakin taga. Babu komai a baya. Ta leƙa ofishin Dakta.

"'Yar nan, me ya sa uku? Me suke shirya mini a ta huɗun?"