Takardun Baffa da Goggo Ta Yanke wa Kai

Shekarar da Baffa ya bar koyarwa a jami'a, kayansa sun riga shi isowa ƙauyenmu, Dugabau. Baffa ƙanin mahaifina ne, farfesan tattalin arziki, shi ne na farko a zuriyarmu da ya bar bin shanu ya bi boko har ƙarshe. Kayan nan kwalaye ne cike da takardun da ya rubuta da hannunsa tun yana ƙaramin malami: darussan aji, da bincikensa kan kasuwannin hatsi da na dabbobi tsakanin Gwarzo da Kabo, da wasu rubuce-rubuce da bai kai ga bugawa ba. Aka jibge su a ɗakin Goggo, yayarsa, domin nan ne rufi ba ya yoyo.

Bai daɗe da dawowa ba mantuwa ta fara kama shi. Yakan fita da safe da biro a aljihu, ya tsaya a bakin gona yana kallon dawa kamar yana jiran ta yi shiru ya fara magana. A cikin wannan hali jami'ar ta aiko cewa ɗakin karatunta yana son adana takardun, za a turo mota bayan kaka. Ranar hankalinsa yana nan, ya ce da ni, "Abin da nake so ke nan. Ko ba ni, a samu mai karantawa."

Baffa yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita daga makarantar allo. Ba ya fara shafi sai ya rubuta Bismillahi da Larabci a samansa, ƙanana, sannan a kan layin nan ya sa kwanan wata da lambar shafi. Ƙasa kuma Turanci ne da zane-zane.

Na zo daga Kano ƙarshen damina don in ɗaure kwalayen. Na tarar da Goggo a kan tabarma, da reza a hannu, da kwanon sha cike da siraran takardu kamar taliya.

"Goggo, me ake yi haka?"

"Aiki nake rage muku, ɗan nan. Sunan Allah ne a kan kowace. Ka san hannun da za ta faɗa? Can birninku ba da irin wannan ake ƙunshe ƙosai ba?"

"Ɗakin karatu fa za a kai su."

"To, da alwala ake shigarsa?"

Goggo gidan malamai ta yi aure, inda ko gutsuren shafi ne ya tsufa ba a yar da shi, sai a haƙa rami a wuri mai tsabta a binne. Tun farkon damina take wannan aiki, kuma ta kusa gamawa. Ta kwance igiyoyin, ta zare ƙarafunan da suka haɗa shafukan, ta yanke saman kowane, sannan ta jera su gwanin kyau, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Bismillar ta tsira, amma ta tafi da kwanan wata da lambar shafi. Aikin rayuwar mutum ya zama tsibi guda, babu farko babu ƙarshe. Na duba kwanon ko za a iya mayar da kowane kai jikinsa, ta ce na baya duk ta binne su a gefen tsohon masallaci.

Mutum ɗaya ne ya rage da zai iya cewa ga shafin da ke bin wancan, shi ne kuma hankalinsa ke zuwa yana tafiya.

Haka ni da Baffa muka fara zama ƙarƙashin ɗorawar bayan gida kowace la'asar. In karanta masa layin ƙarshe na shafi, ya lumshe ido, sai ya ci gaba da jimlar daga inda ta tsaya, ni kuma in shiga tsibin ina neman shafin da ya fara da kalmomin. Idan na samu, in ɗora dutse a kai. Kwanakin nan a yanzu suna zo mini kamar abin da na gani a barci. Zangarniyar gero ta sunkuya, balbelu suna bin garke a fadama, ƙamshin ɗanyar gyaɗa yana tasowa, ga muryar Baffa tana bayanin dalilin da ya sa manomi ke sayar da hatsi da araha a kaka, ya dawo ya saye shi da tsada a bazara. Wani lokaci yakan wuce shafin, ya miƙe da darasin gaba ɗaya, yana nuna allon da babu shi. Idan tunkiya ta yi kuka sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tambaya sai ƙarshe."

Goggo takan kawo fura ta tsaya a kanmu.

"Na-boko, har yanzu ba a tashi ajin ba?"

"Yaya, kin sare wa ɗalibaina kai, kuma kina tambayar aji?"

"Kai ne ka sa abin da ya fi ƙarfinka a kan takardar kasuwa. Sha furarka."

Sai su yi dariya irin ta mutanen da suka yi kiwo tare suna yara.

Akwai ranakun da muke haɗa babi guda kafin magariba, akwai waɗanda zai ta kallon gajimare yana kiran sunayen shanun kakanmu. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, dawa ta yi ja. Ranaku masu kyau suka riƙa raguwa. Na daina bin tsibin yadda ya zo, na koma zaɓo binciken kasuwanni, wanda na san ya fi so, ina sa shi gaba.

Wata la'asar na karanta masa layi, bai ci gaba da jimlar ba. Na sake, bai ɗauka ba. Ya miƙo hannu ya karɓi shafin, ya kawo shi kusa da ido, ya daɗe yana bin sa da yatsa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Yaya ka gan shi, Baffa?"

"Yaron yana da kai. Gaggawa ce ta yi masa yawa. Ka ce ya zo ya same ni a ofis."

Na ce to. Daga ranar ban ƙara ɗauko tsibin ba.

Motar ta zo ana sussukar dawa. Abin da muka haɗa na ɗaure shi daban, babi babi, sauran kuma na zuba su yadda Goggo ta jera. Ma'aikaciyar da aka turo ta saurari bayanina, ta ɗaga wani shafi marar kai ta duba, ta ce duka za ta ɗauka, wanda aka haɗa za a buɗe wa masu karatu, ragowar kuma ɗalibai su gwada sa'arsu.

Baffa yana tsaye a ƙofar gida ana loda kwalayen. Ya juya wajen Goggo.

"Yaya, baƙi muka yi? Kayan wa ake fitarwa?"

"Naka ne. Makaranta za su."

Ya gyaɗa kai, ya bi motar da ido har ta sha kwana wajen hanyar Kabo.

"To," in ji shi, "Allah ya haɗa su da malamin kirki."