Idon Jikata da Ruwan Toka

Kamar shekara goma bayan babbar yunwar da ta watsa Damargu, muna zaune a wani ƙauye kusa da Falanko, ina dafa sabulu ina kaiwa kasuwa. Wata safiya na tace tokar karan gero, ruwan ya yi kaifi, na ajiye ƙwaryar bisa turmi. Jikata, ba ta fi shekara huɗu ba, ta jawo ta a fuskarta.

Na juye mata tulun ruwan shanmu kaf. Idon dama ya tsira. Na hagu kuwa uwarta, matar ɗana, ta ɗaure shi da baƙin ƙyalle kamar yadda ake yi wa ciwon ido, ni kuma na ƙyale ta. Da muka kwance bayan kwana tara, fatar idon ta manne da ƙwayar daga ƙasa.

Likitan Nasara yana Damagaram, tafiyar kwanaki a kan jaki. Ranar kasuwa na goya ta zuwa wurin wani tsohon wanzami. Ya duba, ya ce, "Inna, yankan ba wuya. Wa zai hana shi sake haɗewa?"

Na ce, "Kai dai yi naka."

Na matse ta tsakanin gwiwoyina. Ya gasa ƙaramar askarsa a wuta, ya bari ta huce, ya raba naman kaɗan-kaɗan. Sannan ya ce a riƙa tsoma tsinken saka kwalli cikin man shanu ana zagawa ƙarƙashin fatar, sau uku a yini, har wata guda.

Kwana biyu uwar ta iya. A na uku ta ce, "Inna, a bar ta ta huta yau, muryarta ta dishe."

"Murya tana dawowa. Riƙe mini ƙafafunta, ko ki fita."

Ta fita. Daga nan ni kaɗai nake yi. Yarinyar ta koyi ɓuya bayan rumbu, ta cije ni a yatsa har sau biyu. Ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Idon ya warke a buɗe. Akwai farin tabo a gefe, amma tana tsince tsakuwa cikin gero da shi in ta rufe ɗayan, na gwada ta. Sai da damina biyu ta wuce kafin ta yarda ta karɓi fura daga hannuna.