Cikin Toka da Hannun Sista

Da hantsin wata Talata Sista ta durƙusa a ƙofar sito ta ɗora tafin hannunta a kan cikin kyanwarta Toka. Ta jira. Ta matsar da yatsunta gefen haƙarƙari, ta sake jira. Babu abin da ya motsa. Ciki dai ga shi ya kumbura, ya yi tauri kamar jakar ruwan zafi da aka cika har wuya, amma babu ƙullutun kai, babu ɗan shurin da take sauraro tun makon jiya. Kwanon ruwa ya ƙafe ƙaf, na abinci kuwa ko taɓa shi ba a yi ba. Ta ɗaga tsumman da kyanwar ke kwance a kai ta kai hanci. Wari ne da ta sani sarai, irin wanda ke tashi idan ciki ya ruɓe.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aikin ungozoma a ɗakin haihuwa na babban asibiti. A can sunan Sista ya manne mata, har mijinta ya daina kiranta da wani suna. Mace ce mai ƙaramin jiki, ba ta da yawan magana, kuma har yau in za ta yanka albasa sai ta wanke hannu har gwiwar hannu. Da hannun nan aka san ta. Kafin a turo na'urar hoton ciki ta riga ta faɗi yadda jariri ya kwanta, kuma da wuya na'urar ta ƙaryata ta. Watan da ta yi ritaya ta tsinci Toka a cikin kwali bayan kicin ɗin asibiti, 'yar mitsitsiya, ido duk kwantsa. Ta kawo ta gida a aljihun farar rigarta. Lokacin manyan 'ya'ya sun watse, Auta tana jami'a, gidan ya yi tsit. Kyanwar ce ta ba ta dalilin tashi da wuri.

Sau biyar Toka ta haihu, kuma duk a gaban Sista, da tawul mai tsabta da almakashi dafaffe, ko da yake ba a taɓa buƙatar almakashin ba. Daga haihuwa ta uku aka bar guda ɗaya da babu wanda ya ɗauka, fara mai baƙin ɗigo a hanci, aka sa mata Ɗigo. Uwa da 'ya suka zauna lafiya har Ɗigo ta girma. Daga nan gida ya rikice. In sun haɗu a lungun da ke tsakanin falo da kicin sai huci da yakushi. Labule ya yage, kunnen Toka ya tsage, aka wayi gari an yi fitsari a takalmin maigidan.

"Sista, majinyatanki sun sake kaurewa," in ji Baba, yana riƙe da takalmin da yatsa biyu. "Ko dai a ba ni sallama ni in tafi gida?"

"Wa ya ce ka bar takalmi a hanya?"

"Shekara arba'in a nan nake ajiye shi."

Maganin da Sista ta sani shi ne sulhu. Uwa ce da 'yarta, don haka ta haɗa musu kwano ɗaya, ta zauna a tsakaninsu tana yi musu nasiha kamar yadda take yi wa mai jego da uwar mijinta. Ɗigo ta cinye, Toka ta koma ƙarƙashin kujera.

Auta ta gama karatu ta dawo gida tana jiran aiki, kwana take tana zulumin takardun da ta aika babu amsa. Ita ce ta fara maganar a kai su asibitin dabbobi a cire musu mahaifa.

"Umma, 'ya'ya goma sha tara Toka ta haifa. Nawa kika san inda suke?"

"Na ba mutanen kirki."

"Huɗu na sani, har da Ɗigo. Biyu mota ta take a bakin titi, ni na kwashe su. Wanda kika ba mai shago ya ce ya ɓata. Kuma duk lokacin da ɗayarsu ta fara kukan neman muzuru faɗan nan ƙaruwa yake."

Sista ta ci gaba da ninke wanki. Can ta ce, "Kin taɓa tsayawa a kan matar da ta farfaɗo aka gaya mata an cire mata mahaifa? Ni na tsaya. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Hannun nan karɓar haihuwa ya sani."

"Umma, kyanwa ce fa."

"Rai ne."

Daga haka Auta ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Da wani jan muzuru ya fara zarya a baranda, Sista ta ɗauki biro ta zagaye ranar a kalandar kicin, ta ƙirga mako tara gaba, ta rubuta ranar haihuwa kamar yadda take rubutawa a katin awo. Ciki ya taso a kan lokaci. Toka ta rage cin abinci, Sista ta ce laulayi ne. Ta yawaita shan ruwa, ta ce masu ciki haka suke. Ɗigo kuma ta tsananta, ko shinshinar uwar ta yi sai ta kai mata hannu. Sai Sista ta share sito, ta shimfiɗa tsumma a kwali, ta mayar da Toka can ta ja ƙofa, ta ce mai ciki na son hutu. Faɗa ya tsaya. Kowa ya sami barci. Kwana goma sha biyu babu wanda ya ga tafiyar Toka a fili, balle ya lura ƙafafunta na baya sun fara rawa.

Safiyar nan ta Talata, Sista ba ta kira kowa ba sai da ta wanke hannu. Sannan ta leƙa ɗakin Auta.

"Tashi ki samo mana mota."

"Haihuwar ce ta zo?"

"Ba haihuwa ba ce."

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, da benci ɗaya da sikeli a bakin ƙofa. Likitan bai kai babban ɗanta shekaru ba. Ya aske gashin cikin Toka, ya shafa man nan mai sanyi, ya ɗora kan na'urar. Sista ba ta jira bayaninsa ba. Ta ga allon. Babu ƙashin baya, babu bugun zuciya, sai baƙaƙen aljihuna biyu cike da ruwa.

"Mugunya ce," in ji ta a hankali.

Likitan ya juyo ya dube ta. "Mama, aikin asibiti kika yi?"

"Ungozoma."

"To kin san sauran. Mahaifar ce ta kamu bayan zuwan muzurun, bakinta kuma ya rufe, sai yanzu ta fara ɗiga. Yakan sami macen da ba a yi wa aiki ba, musamman in shekaru sun ja. Tun yaushe take shan ruwa haka?"

"Mako biyu. Ko fiye."

Ya sunkuyar da kai ya rubuta. Shirun nan ta san shi, ita ma ta sha yi wa mazan da suka kawo matansu a makare.

Auta, riƙe da kwalin da suka kawo Toka a ciki, ta ba shi labarin faɗan da kwano ɗaya da sito. Ya ce kyanwa in ta girma ba ta san uwa ba, wuri ta sani. Kowacce tana son kwanonta, da tasar yashin da za ta yi bayan gida, da inda za ta hau ta ɓuya, nesa da na ɗayar. Ya ce mai yiwuwa Ɗigo ta ji warin ciwon tun kafin kowa, shi ya sa ta ƙara zafi.

"Wato ita ta riga ni ganewa," in ji Sista.

"Mama, ko ni sai da na'ura."

"Kai ba ka yi shekara talatin kana taɓa ciki ba."

Ya ce za a yi wa Toka ƙarin ruwa tukuna, sannan a shiga da ita a cire mahaifar yau yau. Ya faɗi gaskiya, jikinta ya yi rauni, ƙodarta ma ba ta ba shi kwanciyar hankali ba. Da aikin nan aka yi tana da lafiya, da abu ne mai sauƙi. Ya miƙo takardar amincewa. Sista ta sa tabarau ta karanta ta layi-layi har ƙasa, ta sa hannu. Ta nemi a bar ta ta tsaya a ciki ko da a bakin ƙofa ne. Ya ce a'a, cikin ladabi, ya ce su tafi gida zai kira da ƙarfe huɗu.

A bakin ƙofa ta tsaya. "Ita ƙaramar fa, Likita? Wane lokaci ya fi?"

"Ko mako mai zuwa, tunda lafiyarta ƙalau."

"Rubuta mata rana."

A gida Baba ya buɗe musu ƙofa. Ya dubi kwalin da babu komai a ciki, ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, sai ya fasa, ya karɓi kwalin ya ajiye. Sista ta cire tsumman sito ta jiƙa a ruwan zafi, ta goge ƙasan sau biyu. Ta ɗauko sabon kwano ta ajiye a ƙarshen baranda, ta sa Baba ya sauke akwatunan da ke kan kabad don a sami wurin hawa. Auta na biye da ita daga ɗaki zuwa ɗaki, wayar uwar a hannunta, tana duba ko caji bai ƙare ba.

Ƙarfe huɗu ta yi. Huɗu da rabi Auta ta kira asibitin, wata mata ta ɗauka ta ce an fito da Toka daga aiki amma ba ta farfaɗo ba tukuna, Likita yana kanta, zai kira da kansa. Sista ta karɓi wayar ta zauna a kujerar kicin. Har ƙarfe biyar da kwata bai kira ba.