Karkataccen Layin Yaƙubu

Yaƙubu ɗan Deule ne, cikin ƙasar Buza. Yana aji biyu a lise, babbar sakandare, a Tawa ciwon ya kama shi. Ya fara jin muryoyi suna kiran sunansa, ya daina cin abincin da wani ya taɓa. Da aka maido shi gida, baffansa Maiguwa ya sa shi a turu, gungumen da ake ɗaure ƙafar mahaukaci, wata bakwai. Yayarsa Cima ce ta matsa aka kai shi asibiti, inda likita ya ce ciwo ne mai suna sikizofireni, ya rubuta masa allura duk wata.

Muryoyin sun yi shiru, amma ba su bar shi yadda suka same shi ba. Wanda a da yake riƙe darasi da ji ɗaya, yanzu in aka aike shi abu uku, ɗaya yake kawowa. Sai ya samo wa kansa dabara: duk abin da ba ya so ya manta, ya yi ta faɗarsa a fili har ya gama aikin.

Bayan shekara tara wani furoje, shirin raya karkara, ya zo koyar da jera duwatsu a fako don tare ruwan sama. Da tiyo mai ruwa a ciki ake awon, bakinsa biyu ɗaure a sanduna masu lamba. Inda ruwan ya tsaya kan lamba ɗaya a sandunan biyu, nan ƙasa ta daidaita, a sa alama. Mutum goma sha biyu suka koya. Yaƙubu ne na ƙarshen ganewa, kuma shi kaɗai ya ci gaba bayan masu furoje sun tafi.

Da bazara ya auna fakon gidansu, Cima na riƙe da sanda ɗaya. Layin ya fito a karkace, domin haka gangaren yake. Maiguwa ya tsaya daga nesa yana kallon ɗan ƙanensa yana kewaye-kewaye cikin rana, yana magana shi kaɗai. Da la'asar Yaƙubu ya tarar an fiddo turun daga bayan rumbu, an ajiye a zaure.

"Baffa, wanga na wa ne?"

"Da wa kake magana a gona?"

"Da kaina. Lamba nike riƙewa."

"Wancan karon ma haka ka ce. Mai hankali in zai ja layi, miƙe shi yake yi."

Cima ta ce, "To ni da ke riƙe mishi sanda, Baffa, a sassaƙo mini nawa turun."

Yaƙubu bai yi gardama ba. Ya san mai irin ciwonsa in ya ɗaga murya, shi ke nan an sami shaida. Ya roƙi a raba fakon biyu. Maiguwa ya ja layinsa da igiya, miƙaƙƙe sak, ya jera duwatsu a kai. Yaƙubu ya jera duwatsu bisa alamunsa. Turun yana nan a zaure, yana wuce shi safe da yamma.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da hantsi. A ɓangaren Maiguwa ruwan ya bi layin ya taru gefe guda, ya fasa duwatsun, ya yanka ƙorama. A na Yaƙubu ya kwanta daidai daga baki zuwa baki, ya sha ƙasa, ya bar laka.

Maiguwa ya shiga cikin caɓi ya duba layukan biyu. Can ya ce, "Tiyon nan naka yana gida?"

Yanzu har daga Babankatami ake zuwa ɗaukarsa a babur ya auna gona. Yana faɗar lambobinsa a fili, kuma ba ya karɓar aiki ranar allura. Turun ya koma bayan rumbu. Yaƙubu ya lura ba a faskara shi ba.